Mitsue da Allurar Maigida Kamo

A garinmu Hamamatsu, inda ake ƙera piyano tun zamanin kakanni, babu unguwar da ta rasa mai gyaransa. Amma idan piyanon gida ya fara magana da kaushi kamar mai mura, ko ya riƙa tsawa a inda ya kamata ya yi raɗa, sai ka ji an ce a kira Mitsue.

Furuhashi Mitsue ta ba sittin baya. Gajeruwa ce mai faɗin tafin hannu, 'yar manoman lemo daga tuddan da ke arewacin tafkin da ke kusa da garinmu, kuma har yau in ta yi dariya sai ka ce a gona take, tana kiran wani daga ƙetaren kwari. Gida-gida take bi a 'yar farar motarta, akwatin kayan aiki a kujerar baya. Ɗaure tsirkiya har sauti ya daidaita, wannan duk wanda ya yi makarantar sana'ar ya iya. Abin da ya fitar da sunanta shi ne gyaran murya.

A cikin piyano akwai 'yan gudumomi a jere, kowace da kai na ulu da aka danne har ya yi tauri, su ke dukan tsirkiya idan an taɓa maɓalli. Shekaru na tafiya, ulun na ƙara tauri, muryar na bushewa. Sai mai gyara ya zaro jeren gaba ɗaya, ya zauna gabansa, ya ɗauki allura mai mariƙin katako ya riƙa sukan ulun a kafaɗa har ya saki jiki. Kowace guduma kafaɗa biyu gare ta, ta gaba da ke fuskantar mai aiki, da ta baya da ke kallon cikin piyano. Inda za a soka, da zurfin da za a kai, da yadda za a karkata hannu, nan asirin yake. Mitsue a kafaɗar gaba take aikinta, a ƙasa-ƙasa, da wata 'yar murɗa ta wuyan hannu. Piyanon da ya bi ta hannunta yakan fito da murya mai ɗumi, kamar ta uwa tana lallashin ɗanta a ɗaki na kusa.

Da masu sana'ar suka buɗe zaurensu na hira a intanet, tana cikin waɗanda suka fara shimfiɗa tabarma a ciki. Da rana tsaka, tsakanin wannan gida da wancan, takan faka mota a inuwa, ta kwance ƙunshin shinkafarta, tana ci da hannu ɗaya tana latsa waya da ɗayan. Sunanta a can Lemo. Wani daga tsibiran kudu zai koka cewa danshi ya kumbura masa ulu, wani daga arewa mai ƙanƙara ya ce murhun ɗumama ɗaki ya busar da nasa ƙayau. Wata sabuwar shiga ta taɓa ɗora hoton gudumar da ta yi wa suka har ta zama kamar audugar matashi, tana tambaya ko akwai magani.

"Akwai," in ji Lemo. "Ki sayi sabuwa, ki ajiye wannan a aljihu. Duk ranar da hannunki ya yi ƙaiƙayi, ki taɓa ta."

Amsoshinta gajeru ne, ba ta jan zance. Amma duk wadda ta shafi allura, takan rufe ta da magana guda: haka maigidana yake yi.

Wata rana da kaka, Ushida, editan mujallar ƙungiyar masu gyaran piyano, ya kira ta. Mujallar ta takarda ce, tana shiga kowane shago daga wannan bakin ƙasa zuwa wancan.

"Furuhashi-san, na gaji da tsintar maganarki a zaure kamar kaza na tsintar tsaba. Abin da aka faɗa a can ruwa ne mai gudu, gobe ya wuce. Ki haɗa mana shi wuri guda, da hotuna, mu buga. Takarda tana zama a kan kanta, wata rana jikan wani ya zaro ta."

"Ni ban iya dogon rubutu ba, Ushida-san. Kuma abin ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

"Na Maigida Kamo. In za a buga, sunansa ne zai hau sama. Kuma sai ya yarda."

Editan ya ce, "Kamo Genzaburo? Yana nan da rai?"

"Yana nan, yana ta faɗa da likitoci."

Tambayar nan ta editan ita ta hana ta sukuni. Maigida Kamo ya haura casa'in. Shagonsa ya daɗe a rufe, waɗanda suka san aikinsa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa rubuta ko layi guda ba. Mitsue ta ƙudura a ranta sai ta ga sunansa a kan aikinsa, a takarda, tun yana da idon gani. Ta kuma san halin mutumin. In ya ce a'a, an gama. In ta buga ba da izininsa ba, ƙofar gidansa ta rufe mata ke nan.

Domin shi ɗan tsohuwar al'ada ne, ta masu cewa sana'a ba a koyar da ita, sace ta ake yi da ido. Tana budurwa ta zo shagonsa da 'yar jakarta, ya dube ta sama da ƙasa ya ce ba ya ɗaukar mata. Matarsa Toyo ce ta leƙo daga kicin ta ce, "To ni ina ɗauka. Shigo, 'yar nan, ga tsintsiya." Shara ta yi, da dafa shayi, da goge ƙura. Bai taɓa ce mata riƙe nan, soki can ba. In lokacin allura ya zo ma, sai ya juya mata baya, ya duƙa kan teburinsa kamar kaza a kan ƙwai.

Amma akwai wani murfin babban piyano, baƙi wuluk, jingine da bango daidai gaban teburin. Mitsue ta riƙa goge shi kowace safiya har ya zama madubi. Sai ta tsaya can bayan maigida da tsintsiya a hannu, tana sharar wurin da ta riga ta share, idonta na cikin baƙin fentin, inda hannuwansa ke tashi da sauka kamar tsuntsaye biyu a kan ruwa. Abin da ta gani da safe, da yamma ta gwada shi a kan tsoffin gudumomin da aka zubar, ita ma ta juya baya don kada a kama ta. Haka shekaru suka shuɗe. Ranar da ya bar mata piyano na farko, ta gama, ya zo ya bi maɓallan da yatsa ɗaya daga ƙasa har sama, ya saurara, ya ce, "Hm." Ya ɗauki hularsa ya tafi cin taliya. Wannan hm ɗin shi ne takardar shaidarta, ba ta kuma taɓa neman wata ba.

Rubutun mujallar ya ba ta wuya fiye da hawa da piyano bene. Hannu ya san abin da yake yi, amma da ta ce ya faɗa da baki sai ya yi gum. Ta rubuta, ta yaga, ta sake. Mijinta Noboru, wanda ya ajiye tuƙin bas ya rungumi kyamara, shi ya ɗauki hotunan a teburin cin abinci, yana tsokanarta.

"Tun da na aure ki ban taɓa ganin kin rasa abin faɗa ba sai yau. Ashe maganinki biro ne. Da na sani da tuni na saya miki kwali guda."

"Ɗauki hotonka, direba. Kuma yatsana nake so ya fito, ba kwanon miya ba."

A ƙarshen shekara, lokacin da ake kai wa manya gaisuwa, ta ɗauki kwalin lemon gonar ƙaninta da takardun, ta nufi gidan maigida. Ta same shi zaune a ƙasa, ƙafafunsa a ƙarƙashin teburin ɗumi mai bargo. Ya ƙanƙance kamar busasshen ɓaure, amma girarsa na nan a tsaye.

"Ke yarinya, har yanzu kina lalata wa mutane piyano?"

"Ina ƙoƙari, Maigida. Yadda aka koya mini nake yi."

"Ni ban koya miki komai ba. Ɓarauniya ce ke, kowa ya sani."

Ta durƙusa, ta ajiye takardun gabansa da hannu biyu, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ɓare lemo a hankali, yana cire farin zaren jikinsa.

"Abin da aka ba mutum a faranti, a faranti yake barinsa. Wanda ya sha wuya ya sata, shi ke riƙewa. Ki buga a mujalla, kowane ɗan gata ya karanta yana kwance, gobe ya je ya kashe gudumar mutane ya ce Kamo ne ya ce. Ban yarda ba."

"Maigida, yanzu babu shagon da yaro zai yi shekaru yana shara. In ba a rubuta ba, ɓacewa zai yi."

"Ya ɓace mana. Ni ma ɓacewa zan yi, wa zai yi kuka?"

Toyo, wadda ita ma tsufa ya ranƙwafar da ita, ta ajiye shayi ta ce, "Ni dai ba zan yi ba, hutawa zan yi." Ta jawo takardun ta daidaita su a tsakiyar teburi. "Bar su nan, 'yar nan. Dama na rasa abin da zan riƙa ɗora buta a kai."

Mitsue ta koma gida jiki a sanyaye. Aka yi hutun sabuwar shekara, aka ci, aka sha, aka kai ziyara, ita dai hankalinta na kan teburin nan. Sai ga Toyo a waya wata rana da hantsi.

"Zo ki raba su. Tsohon nan tun jiya yake faɗa da takarda."

Ta same shi da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, takardun a baje, ya bi su da jan biro har sun yi kamar an yanka kaza a kai.

"Wa ya koya miki wannan shirmen?"

"Aikinka ne, Maigida, yadda na gani."

"Aikina? Ni Kamo in soki kafaɗar gaba? Ko a mafarki. A ta baya nake aiki tun kafin a haife ki." Ya ƙwanƙwasa hoton da yatsa. "Murɗar hannun tawa ce, kin sace ta tsaf. Amma kin ɗauke ta kin kai gidan maƙwabci."

Mitsue ta ce, "Da idona na gani. Allurar tana shiga ta gefen da ke kusa da ni, kullum ta gefen da ke kusa da..."

Shagon ya dawo mata a rai: bayansa, teburin, baƙin murfi a bango. A cikin madubi mutum fuskantarka yake yi. Kafaɗar da ke nesa da maigida ita ke kallon murfin, ita kuma murfin ya miƙo wa Mitsue kusa. Da ta zauna a kujerar aiki, sai ta soki ta kusa da ita, kamar yadda ido ya gaya mata. Yarinya ce a lokacin, a tsorace take leƙe. In murya ta ƙi daɗi, kunne ya ja hannun ƙasa kaɗan, gobe ya ƙara kaɗan, ba tare da ta sani ba, har ya samo wa kansa wurin zama. Da aiki ya yi kyau kuwa, babu dalilin komawa a tuhumi ido.

"Murfin ne," ta ce a hankali. "A cikin baƙin murfin nan nake kallonka."

Toyo ta fara dariya. Ta dafa ƙofa, ta zame ta zauna, tana share hawaye da gefen riga. "Gaya mata, tsoho. Gaya mata wa ya sa na taya shi jan murfin nan daga ɗakin ajiya har bayana ya riƙe."

Maigida ya kau da kai yana kallon lambu. Kunnuwansa sun yi ja.

"Wurin ajiya ne ya yi kaɗan," in ji shi.

Toyo ta ce, "Ya yi ta gyara masa zama, yana komawa inda kike tsayawa da tsintsiya yana leƙawa, ya dawo ya sake karkata shi."

"Ke dai ba a rufa asiri da ke."

Mitsue ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi kaɗan daga kowanne. Shekara arba'in da ɗoriya tana tsammanin ta yi wa mutumin nan wayo, ashe shi ya buɗe taga ya ajiye kayan a bakinta.

"To ranar da ka ce hm fa? Ba ka ga na juya abin ba?"

"Ina zan gani, kina ba ni baya kamar mai cin naman sata? Kunne na aika, ya dawo ya ce ya yi. Na ji muryar ta fi tawa laushi, na ce hannun mace ne." Ya tattara takardun ya tura mata. "Kama da wane ba wane ba ne. Wannan naki ne. Ki sa sunanki ki buga, babu ruwana. Amma kada in ga Kamo a kai."

"To naka fa, Maigida?"

"Nawa yana nan inda yake."

Ta miƙe da kyauta a hannu wadda ba ita ta zo nema ba. A bakin ƙofa ta juyo. "Shekaru ina gaya wa mutane a zaure haka kake yi. Dole in warware."

"Gaya musu abin da kika ga dama. Iska ce ke hira da iska."

A mota ta rubuta. Ta ba da labarin murfin yadda yake, ta ce daga yau kada wanda ya jingina kafaɗar gaba ga maigidanta, shi a ta baya yake aiki, ita kuwa ba ta taɓa gwadawa ba.

Zaure ya ɗauka. Aka yi ta dariya. Wani ya ce shi a jikin tukunya mai sheƙi ya koyi girkin uwarsa, yanzu ya gane abin da ya sa iyalinsa ke ramewa. Sannan aka shiga gwaji, don masu sana'a ba sa jin magana irin wannan su bar ta kwance. Kowa ya jawo tsohon piyano, ya soki wasu gudumomi ta gaba, wasu ta baya, ya naɗi sautin a waya ya ɗora. Aka rabu gida biyu, 'yan gaba da 'yan baya. Sai dai 'yan gaba suna da bayanin Mitsue na shekaru a hannu, 'yan baya kuwa lalube suke yi. Suka riƙa sukan kafaɗar baya a ƙasa-ƙasa, yadda take yi wa ta gaba, kuma duk sautin da suka ɗora a dushe yake fita, kamar ana buga ganga da matashi. Ba a daɗe ba magana ta zauna a zaure: ɗaliba ta fi malaminta, madubi ya gyara kuskuren tsoho. Har Ushida ya kira yana murna, ya ce da wannan zai buɗe mujallar bazara.

Mitsue ba ta yi murna ba. Ta fita nema wa maigida suna, ta dawo ta zubar masa da ɗan wanda ya rage. Ita ta san muryar piyanonsa. Murya ce mai tafiya, wadda ke tashi daga dandamali ta kai kujerar ƙarshe ta babban ɗakin taro ba ta gaji ba. Ta rubuta musu haka, suka ce biyayya ce ke magana.

Ta kai wa Toyo kuka a waya.

"Kawo wayar taki ya ji da kunnensa," in ji tsohuwar.

"Uwargida, baƙin ciki zai kwantar da shi."

"Shi? Haushi ne abincinsa. Tun da ya yi faɗa da takardarki yake neman ƙarin shinkafa."

Noboru ne ya tuƙa ta, kyamara a wuya kamar kullum. Ta ajiye wayar a teburin ɗumi ta kunna. Maigida ya rufe ido. Aka ji na farko, aka ji na biyu. A na gaba girarsa ta tashi har ta kusa taɓa gashin kansa.

"Wane ne wannan?"

"Wani ne daga arewa. Ya ce hanyar Kamo ya gwada."

"Hanyar Kamo. Mutum ya yi wa guduma kisan gilla, ya tsaya kan gawar yana kiran sunana." Ya buɗe ido. "Su wa suka ji wannan?"

"Duk ƙasar, Maigida."

"Suka ce me?"

Ta sunkuyar da kai. Noboru, wanda bai san tsoron kowa ba sai na matarsa, ya ce, "Cewa suka yi ta fi ka, Baba."

Tsohon ya dubi wayar kamar mai duban kunama a takalmi.

"Toyo, ɗauko mini akwatina."

Akwai wani piyano a ɗakin baya, wanda Mitsue ke zuwa ta saita kowace shekara ko da babu mai kaɗa shi. Ita da Noboru suka zaro jeren gudumomin suka ɗora a teburi, suka taimaka wa tsohon ya zauna. Hannunsa rawa yake yi, kofin shayi ma da biyu yake riƙewa. Amma da mariƙin allura ya zauna a tafinsa sai rawar ta tsaya cak, kamar doki ya ji mahayinsa a baya. Mitsue ta ja da baya ta tsaya inda ƙafafunta suka saba.

"Me kike yi a can? So kike ki sake juya mini shi? Zo nan gefena. Kai kuma direba, matso da abin naka. Yatsa za ka ɗauka, kada in ga fuska."

Ya yi aiki yana magana, da muryar mai ƙorafi, kamar ana cire masa haƙori. A kafaɗar baya ba a sauka ƙasa, sama ake hawa, dab da inda ulu ke taɓa tsirkiya. A soka kaɗan, a tsaya, a saurara, don wurin ba ya yafe wa mai gaggawa. Tana rubutawa, hannunta na tsalle a kan takarda. Wani wurin kalma ta ƙare masa, ya ce, "Haka, haka," ya kama hannunta ya ɗora a bayan nasa don ta ji nauyin. Da suka mayar da jeren, ya taɓa maɓalli guda. Muryar ta miƙe siririya, mai haske, ta fita ta taga, ta bi ta kan lambu, har wata mai wucewa a keke ta waiga.

Ya ajiye allurar, rawar hannun ta dawo.

"Ki rubuta sunana da kyau," ya ce. "Ki kuma gaya wa na arewan nan ya zubar da gudumar ya sake daga farko. Yana da kunne, hannun ne babu tarbiyya."

Mujallar ta fito lokacin da itatuwan bakin kogi suka yi fari da fure. Ushida ya buga su shafi na kallon shafi: a dama Kamo Genzaburo da kafaɗar baya, a hagu Furuhashi Mitsue da kafaɗar gaba. Maigida ya karanta nasa ya ce hoton ya tsufar masa da hannu, kuma editan ya sa masa ladabin da ba shi ya faɗa ba. Toyo ce ta tona cewa ya sa an aiko masa da ƙari, ya raba wa likitansa, da mai kawo wasiƙa, da matar da ke sayar da tofu, wato awara, a kan kwana, waɗanda ba su taɓa leƙa cikin piyano ba. A zaure kuwa 'yan baya suka farfaɗo. Sautin da suke ɗorawa ya canza, gardama ta koma sabuwa, kuma har yau ba a kayar da kowa ba. Masu sanyin rai sun ce ta Mitsue ta ɗakin gida ce, ta Kamo ta ɗakin taro. Masu zafin kai ba su yarda da wannan sulhun ba, kuma su ne suka fi sa hirar daɗi.

Cikin wannan bazarar aka kira Mitsue wata makaranta a kan tudu, inda babban piyanon ɗakin taro ya daina kai murya ga yaran da ke zaune a baya. Ta zaro jeren ta zauna. Ta ɗaga allura, hannunta ya nufi kafaɗar gaba da kansa, kamar saniya ta nufi garke. Ta tsayar da shi, ta ƙetara da shi baya, ta hau sama. Wuyan hannun ya ƙi, gwiwar hannu ta rasa inda za ta tsaya. Ta soka kaɗan, ta tsaya, ta saurara. Ta sake. A wata gudumar allurar ta zame ta same ta a babban yatsa, ɗigon jini ya fito kamar ƙwayar barkono.

Malamar kiɗan, wata matashiya da ba ta daɗe da zuwa garin ba, tana tsaye tana kallo. Ta miƙo mata ƙyalle, ta dubi furfurarta, ta dubi yadda hannun ke ɗari-ɗari, ta yi ta maza ta tambaya cikin ladabi.

"Gafara dai, Inna. Ba ki daɗe da fara wannan aikin ba, ko?"

Mitsue ta tsotsi yatsan, idonta na sheƙi.

"Wannan watan na fara, 'yata. Je ki zauna can kujerar ƙarshe, ki gaya mini in muryar ta iso."